Amanar Tawada: Daga Taskar Malam Umaru Falke Zuwa Adakokin Ƙasar Ajingi

Jawabin da aka karanta a taron shekara na 'yan'uwa Tijjanawa a garin Ajingi

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya hore wa bayinsa alƙalami, ya sanya takarda ta zama ma'ajiyar abin da ƙirji ba zai ci gaba da riƙewa ba idan mai shi ya kwanta dama. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Yardar Allah ta ƙara tabbata ga Shehu Ahmadu Tijjani, da Shehu Ibrahim Inyass, da sauran waliyyan Allah, na wannan ɗariƙa da na sauran ɗariƙu.

Bayan haka, gaisuwa ta girmamawa ga shehunai da muƙaddamai, da limamai da masu riƙe da sarauta, da zakirai da sha'irai, da iyaye mata, da baƙin da suka taso daga Gaya da Albasu da Wudil da Dutse da birnin Kano. Allah ya karɓi tattakin kowa.

Ya 'yan'uwa, a duk shekara idan aka yi irin wannan zama, zakirai kan raba dare suna rera ƙasidu. Daga ciki akwai waɗanda kowa ya san mai su, kamar Ishiriniya da Burda da diwanin Shehu Ibrahim, waɗanda aka buga aka sake bugawa, har ba a jin tsoron ɓacewarsu. Amma akwai wasu, na Larabci da na Hausa, waɗanda ba a taɓa kai su maɗaba'a ba. Wani malamin ƙauye ne ya tsara su, na Toranke ne ko na Balare ko na Kunkurawa, ya karanta wa almajiransa, su kuma suka hardace, ɗa ya karɓa daga uba har suka iso wannan dare. Idan aka ja zakirin gefe aka tambaye shi wa ya yi wannan ƙasida, mafi yawan lokaci amsarsa ita ce ta tsofaffi ce. Idan aka ƙara da tambayar ina takardar da aka fara rubuta ta a kai, sai ya yi shiru. Wannan shirun shi ne dalilin wannan jawabi, kuma za a shiga maganar ne ta ƙofar wani bawan Allah wanda takardunsa suka tsira.

Malam Umaru Falke, Allah ya ƙara masa yarda, an haife shi a 1893, ya rasu a 1962. Laƙabinsa ya riga ya faɗi sana'arsa: falke ne, mai fatauci tsakanin Kano da garuruwan kudu. Yana cikin malaman da ake kira Salgawa, wato waɗanda suka sha daga Malam Muhammadu Salga, waɗanda kuma daga baya suka zama ginshiƙan Faila a Kano, bayan haɗuwar Shehu Ibrahim da Sarki Abdullahi Bayero a aikin hajjin 1937. Sa'o'insa a wannan hidima su ne irin su Shehu Abubakar Atiku na Sanka, da Shehu Tijjani Usman na Zangon Barebari, da Shehu Sani Kafinga. Fatauci bai hana shi karatu ba, karatu bai hana shi fatauci ba. Ya yi talifi, ya tsara ƙasidu, ya yi muƙaddamanci, sa'an nan ya tara littattafai tarawa irin ta wanda ya san darajar haja, tun da duk inda ayari ya sauka akwai malami, duk inda malami yake akwai abin kwafa.

Abin da ya bari ya haura guda 3,000, mafi yawansu rubutun hannu ne da aka yi a ƙasar nan a ƙarni na 19 da farkon ƙarni na 20. Akwai fiƙihun Malikiyya, akwai tauhidi da nahawu, akwai talifofin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello, akwai littattafan ɗariƙa, akwai waƙoƙin Hausa da ajami, akwai fa'idoji da asirai da magunguna, akwai kuma nasa rubuce-rubucen na kansa. 'Yan shekaru bayan rasuwarsa wannan taska ta ƙetare teku gaba ɗayanta. Tana ɗakin karatu na Herskovits a Jami'ar Northwestern, a garin Evanston kusa da Shikago, ƙasar Amurka. Can kuma akwai wani tarin na John Paden, Ba'amurken da ya zauna cikin birnin Kano a tsakiyar shekarun 1960 yana bincike, wanda littafinsa kan addini da siyasar Kano ya fito a 1973.

Duk muridin da ya ji wannan labari karon farko, zuciyarsa takan sosu, kuma ba laifinsa ba ne. Takardun da aka rubuta da alwala, aka karanta a zaure tsakanin Magariba da Lisha, yau suna garin da ƙanƙara ke rufewa, kuma jikan almajirin Malam ba zai taɓa su ba sai ya sami biza da kuɗin jirgi. Wannan rashi ne, babu amfanin a sāke masa suna. Amma adalci ya wajabta a yi tambaya ta biyu. Malamai nawa ne a Kano da kewayenta, a zamanin Malam Umaru, suka mallaki kwatankwacin abin da ya mallaka? Suna da yawa. To, taskar nawa daga cikinsu za a iya zuwa yau a ce a fito da takarda ta ɗari bakwai da goma, a fito da ita cikin sa'a guda? Wanda ya amsa wannan tambaya tsakaninsa da Allah, zai rage zargin Bature, ya waiwayi ɗakinsa.

Ba nisan Amurka ne ya tsirar da takardun Malam Umaru ba, ba kuma sanyin garin ba. Abu biyu ne: ba a raba su ba, sa'an nan an yi musu fihirisa. Wani ɗan Nijeriya, Abdullahi Mohammed, ya zauna a kansu shekaru, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Malam da taskarsa a 1978. Daga baya John Hunwick, wanda ya kafa cibiyar tattara rubuce-rubucen Larabci a Jami'ar Ibadan a 1964, ya fitar da babban kundi a 1995 a garin Leiden na ƙasar Holan, inda ya jera marubutan wannan yanki da abin da kowannensu ya wallafa da wurin da ake samun kowane kwafi. Marubutan Tijjaniyya na Kano suna da babinsu a ciki, Malam Umaru yana nan da jerin talifofinsa da ƙasidunsa. Saboda haka ɗalibi a Alƙahira ko Kaulaha ko Zariya yana iya sanin cewa Malam ya yi ƙasida kaza, farkonta kaza, lambarta kaza. Takardar da ba ta cikin fihirisa, ko tana cikin adaka lafiya lau, hukuncinta a wajen masu neman ilimi hukuncin wadda ta ɓata ne, domin ba wanda zai nemi abin da bai san akwai shi ba.

A nan ya kamata a ɗan daɗe, domin akwai kuskuren da ya yi yawa ko a tsakanin masu son littattafai. Malamai sun raba rubutun mawallafi gida biyu: musawwada, wato rubutun farko mai karce-karce da gyare-gyare, da mubayyala, wato kwafin da aka tsabtace don a ba mutane. Idan aka buɗe adakar mamaci, ido kan tafi ga mubayyala mai jan baƙi da kyan hannu, a sa ta cikin tadarishi a adana. Ita kuwa musawwada, da yake a bayan ambulan take, ko a cikin littafin rubutun 'yan makaranta, ko a gefen wani littafin daban, sai a ɗauke ta shara. Alhali a ƙasar Hausa ita ce mafi wuyar samu. Sha'irai da yawa a ka suke tsara baiti, su rubuta a allo, su gyara, su kwafe, su wanke allon, gyaran ya bi ruwa. Wasu ma ba su taɓa riƙe alƙalami a kan waƙarsu ba, kamar Malam Aliyu Namangi na Zariya mai Imfiraji, wanda makaho ne, wasu ne suka rubuta daga bakinsa. Don haka idan aka sami takardar da sha'iri ya soke kalma da hannunsa ya ɗora wata a samanta, an sami abin da allo bai saba bari ba.

Me ke cikin wannan karcen? Na farko akwai karatu. Ɗalibin aruli zai ga inda baiti ya karye a baharin Basiɗi ko Kamil, ya ga yadda malam ya ɗora shi, wannan kuwa darasi ne da babu shi a cikin matani. Na biyu akwai ladabi, wanda ya fi na farkon tsada. Mai yabon Annabi ko mai begen Shehu, wani lokaci shauƙi kan ɗauke shi ya rubuta kalmar da ta wuce iyaka, idan ya dawo hayyacinsa sai ya soke ta ya sa wadda shari'a ta yarda da ita. Wannan sokewar hujja ce a hannun 'yan ɗariƙa. A wannan zamani da ake jingina wa shehunai maganganun da ba su faɗa ba, wasu don ƙiyayya, wasu kuma, abin takaici, don soyayyar da ba ilimi a cikinta, ba abin da ke kashe gardama kamar a fito da rubutun hannun mai ƙasidar a ce ga abin da ya rubuta, ga kuma abin da ya ƙi yarda ya tsaya. Baki yana ƙari yana ragi. Ƙasida mai baiti 40 takan zama mai 55 bayan ta bi ta bakin zakirai uku, kowa da abin da ya cusa don daɗin amshi, kuma ba a iya tace ta sai da asali.

Shi aikin fihirisar kansa ba sihiri ba ne, amma yana son ilimin da ya fi yawa a zaure fiye da a aji. Mai yin ta zai ba kowace takarda lamba, ya rubuta sunan mawallafi da na mai kwafa idan sun bambanta, da baitin farko da na ƙarshe, da adadin baitoci da na waraƙoƙi, da bahari da ƙafiya, da harshe, da girman takarda, da inda ta lalace. Zai duba kalmar nan da magabata ke rubutawa a ƙasan shafi, wadda ita ce farkon shafi na gaba, domin littattafan ƙasar nan ba ɗinkakku ba ne, da ita kaɗai ake mayar da waraƙar da ta fita gurbinta. Zai ɗaga takardar ga haske: idan ya ga tambarin jinjirin wata uku a cikin jikinta, ya san irin takardar Italiya ce da fatake ke ƙetarowa da ita hamada ta Tarabulus, wannan kuwa yana taimaka masa wajen kintatar zamaninta. Zai bambance hannun Kanawa da na Barebari. Dole ya san cewa a rubutun Warshu fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya gare ta a sama, ya kuma san yadda ajamin Hausa ke aron haruffan Larabci don rubuta sautukan da Larabci ba shi da su.

Misali ɗaya ya isa ya nuna haɗarin rashin wannan ilimi. Sha'iran ƙasar nan sukan rufe ƙasida da ramzi, wato su ɓoye shekarar da aka yi ta cikin haruffa. Lissafin da suke bi na mutanen Magrib ne, ba na mutanen Gabas ba. A na Magrib shin dubu ce, sin ɗari uku, ain saba'in, idan aka haɗa su sun ba da 1370 ta Hijira, wato daga ƙarshen 1950 zuwa 1951. Wanda ya yi karatunsa a kan lissafin Gabas kaɗai zai ƙirga shin ɗari uku, sin sittin, ain saba'in, ya sami 430, ya rasa inda zai sa ƙasidar, ko ya rubuta cewa ba ta da tarihi. Gardin da bai taɓa taka harabar jami'a ba zai warware wannan yana tsaye. Shi kuma gardin bai san irin kwalin da ba ya cin takarda ba, bai san yadda ake shigar da bayanin a kwamfuta har na nesa ya gani ba. Kowannensu yana buƙatar ɗan'uwansa, kuma girman kai daga kowane ɓangare asarar takardu yake jawowa.

To, a dawo gida. Ƙasar Gaya tsohuwar ƙasa ce, har masu tarihi na cewa daga nan maƙeran farko, Abagayawa, suka tashi zuwa Dala neman tama. Ƙasar da ta daɗe haka ba ta rasa tsofaffin tsangayu da gidajen malanta, kuma babu mazaɓa a ƙaramar hukumar Ajingi, daga Gafasa zuwa Gurduba, daga Dundun zuwa Unguwar Bai, da za a rasa gidan da ke da adaka ko gafaka da ba a buɗe ba tun rasuwar mai ita. Maƙiyan waɗannan takardu sanannu ne. Gara tana shigowa ta ƙasa da jikin bango, ɓera da kyankyaso suna bi ta sama, damina tana kawo fumfuna, hunturu yana busar da takarda har ta riƙa karyewa kamar ganye. A daminar 2022 ruwa ya rushe ɗaruruwan gidaje a wannan ƙaramar hukuma, har aka yi asarar rayuka, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. An ƙirga gidaje, an ƙirga gonaki. Takardun da ginin ƙasa ya danne babu wanda ya ƙirga, kuma babu yadda za a ƙirga su, tun da ba a taɓa rubuta sunayensu a ko'ina ba. A Timbuktu, lokacin da 'yan bindiga suka ƙona wani sashe na cibiyar Ahmad Baba a watan Janairun 2013, an iya cewa kimanin dubu huɗu ne suka salwanta, domin akwai lissafi. Tawadar gawayi da ƙaro kuwa, kowa ya sani, don a wanke ta aka yi ta, dare ɗaya cikin ruwa ya ishe ta.

Amma akwai maƙiyi biyu da suka fi gara ɓarna, kuma dukkansu da kyakkyawar niyya suke zuwa. Na farko rabon gado. Malam ya rasu ya bar 'ya'ya goma sha biyu, kowa yana son albarka, sai a zube littattafai a tabarma a kasa su kashi-kashi kamar hatsi. Da yake waraƙoƙi ne sakakku, sai diwani ɗaya ya rabu gida uku, farkonsa ya tafi Legas da wanda ke sana'a can, tsakiyarsa ta bi 'yar da aka aurar, ƙarshensa ya zauna a zaure. Kowa ya sami rabo, ba wanda ya sami littafi. Wannan kuwa ko a fiƙihu ba daidai ba ne, domin malaman Malikiyya sun bayyana cewa abin da rabawa za ta ɓata shi ba a yanka shi, sai dai a yi masa ƙima wani ya ɗauka ya biya sauran, ko a sayar a raba kuɗin. Na biyu neman tabarruki. Almajiri kan roƙi waraƙa ɗaya ta hannun Malam, ya naɗe ta cikin laya, wani ma ya wanke ya sha. Ba a musun albarkar rubutun salihai, amma wanda ya shanye baitin da babu kwafinsa a duniya ya ƙosar da kansa ya bar zuriya da ƙishi.

Wani zai ce ai Allah ne mai tsare ilimi. Haka ne, kuma da sababi yake tsarewa. Bayan yaƙin Yamama, da mahaddata suka yi shahada da yawa, Sayyidina Abubakar ya sa Zaidu ɗan Sabitu ya tattara Alƙur'ani daga ƙirazan mutane da abin da aka rubuta a fatu da duwatsu da zarbar dabino, aka ajiye wuri ɗaya, har ya koma hannun Uwar Muminai Hafsatu. A kusa kuma, waƙoƙin Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, sun iso wannan zamani ne saboda gidan Waziri a Sakkwato ya riƙe su a haɗe, har Waziri Junaidu ya buɗe su ga masu bincike, aka fitar da su a kundi ɗaya a 1997. Wannan ya nuna gida ma yana iya riƙe amana, idan akwai mutum ɗaya tsayayye da aka ɗora wa ita, da ɗaki, da tsari. Abin da ke kashe taska shi ne ta zama ta kowa, ba ta kowa ba.

Gidan da ya san ba shi da wannan mutumin, ko ɗakinsa na ƙasa ne a bakin kwari, to ba sai an ƙetare teku ba yanzu, kuma dokar kayan tarihi ta 1979 ta hana fitar da irin waɗannan abubuwa daga Nijeriya ba da izini ba. Ɗakin karatu na Jami'ar Bayero a Kano yana da sashen rubuce-rubucen hannu. Jami'ar Ahmadu Bello tana da tarin da masu binciken tarihin Arewa suka fara tun shekarun 1960 a Zariya, tana kuma da Gidan Arewa a Kaduna, wanda aka kafa a 1970. Akwai Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano a Gidan Ɗan Hausa. Akwai kuma hanyar da ba ta raba mutum da takardarsa sam, wato a ɗauki hotonta a bar masa asalin. Jami'ar Boston ta yi haka da rubutun ajamin Hausa tare da masana daga Kano, aka sa hotunan a intanet, ɗakin karatu na Birtaniya kuma yana da shiri tun 2004 wanda sharaɗinsa shi ne asalin takardu ba ya barin ƙasarsu.

Sai dai kada shauƙi ya sa a kwashi adaka a miƙa da baki kawai. Ma'aikatar gwamnati ita ma rufinta kan yi yoyo, wutarta kan ɗauke, ma'aikacin da ya karɓa da fara'a kan yi ritaya, wanda ya gaje shi bai san da maganar ba. Shari'a ta ba da ƙofofi daban-daban, kowace da hukuncinta. Akwai sayarwa, akwai kyauta, waɗannan biyu ba a dawowa daga gare su. Akwai wadi'a, wato ajiya, wadda mallaka ke nan ga magada, su karɓi kayansu ran da suka so. Akwai hubusi, kuma Malikiyya ta halatta hubusin littattafai, har ma ta halatta shi na ƙayyadadden lokaci. Malamin da ke raye, idan yana son taskarsa ta zauna a haɗe, ya yi hubusin tun yana da lafiya, ya kuma cika sharaɗin hauzi, domin idan ya bari sai a ciwon ajali ko a wasiyya, ba zai wuce sulusin dukiyarsa ba sai da yardar magada. Idan kuwa ya riga ya rasu, babban ɗa ba shi da ikon bayar da rabon ƙannensa mata, balle na marayu, don kawai maɓallin ɗakin yana hannunsa. Kowace ƙofa aka zaɓa, a rubuta, a sa shaidu, a ƙirga waraƙoƙi a gaban kowa, a sharɗanta cewa za a yi fihirisa cikin lokaci sananne a ba gidan kwafinta da hotunan takardun, kuma ba za a warwatsa tarin cikin na wasu ba, zai zauna da sunan mai shi kamar yadda na Malam Umaru ya zauna da sunansa.

Akwai wata damuwa da dattawa kan ɓoye a zuci, gara a faɗe ta a fili. A cikin kowace adakar muƙaddami akwai abin da ba na kowa ba ne: asirai da ba a bayarwa sai da izini, wasiƙun muridai da suka kai kukansu na gida, lissafin bashi. Wannan hakki ne, kuma masu aikin ɗakunan karatu sun san da shi. Ana iya ware irin waɗannan a riƙe a gida, ko a ajiye su da sharaɗin ba a buɗewa sai da yardar khalifan gidan. Amma ijazoji da salasil, su kam su ne farkon abin da ya kamata a ɗauki hotonsu, domin da su ake sanin ta hannun wa wuridi ya shigo kowane gari, kuma ranar da gardamar izini ta tashi su ake nema.

Kafin a kai ga jami'a akwai abin da kowane gida zai iya yi a wannan mako ba da kashe ko kwabo ba. A ɗaga adaka daga ƙasa a ɗora ta kan benci, a janye ta daga jikin bango. A fitar da takardu daga leda, domin leda tana riƙe gumi. Kada a liƙa salatif a inda ya yage, kada a kai wa masu liƙe takarda da roba a kasuwa, wannan gyara ne da ba a warware shi. Kada a yi rubutu da biro a jikinsu, idan lamba za a sa, a sa da fensir a wata takardar daban a naɗe su da ita. Abin da ya fi duka, kada a sāke musu jeri don neman tsari. Yadda Malam ya bar su, ƙasida kusa da wasiƙar da ta jawo ta, musawwada a cikin littafin da yake karantarwa lokacin, wannan jerin shi ma bayani ne. A ɗauki hoton kowace waraƙa gaba da baya, da waya mai kyau, a inuwa da rana, a ajiye hotunan a wuri fiye da ɗaya. Sa'an nan a zauna da tsofaffi, musamman iyaye mata, matan malamai da 'ya'yansu, waɗanda sau da yawa su ne suka san ranar da aka yi ƙasida da dalilinta da karin da ake rera ta da shi, a naɗi muryarsu. Takarda tana riƙe baiti, ba ta riƙe kari.

Roƙon da ake yi ga muƙaddamai shi ne kowace zawiya ta zaɓi mutum biyu, ɗaya wanda ya iya karatun Warshu da ajami da ramzi, ɗaya wanda ya yi boko ya iya kwamfuta, a cikin 'ya'yan 'yan'uwa da ke karatu a Wudil da Dutse da Kano ba za a rasa ba. Su bi gidajen malanta na yankinsu da ladabi da izinin masu gida, ba don su ɗauki komai ba, sai don su rubuta: gidan wane, adaka kaza, waraƙa kaza, ƙasida kaza, halin da suke ciki kaza. Idan Allah ya kai rai taron baɗi, a kawo wannan littafin lissafi a ajiye gaban shehunai, su duba wanda zai zauna a gida, da wanda ya kamata a nema wa wuri kafin damina ta sake zagayowa.

Allah ya jiƙan Malam Umaru Falke da malamansa da almajiransa. Allah ya jiƙan malaman ƙasar Gaya da Ajingi, waɗanda aka san sunansu da waɗanda ƙasidunsu kaɗai suka rage a bakin zakirai. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.